Na kai tsohuwar Honda CD175 ɗin Baba gyara a Dilimi, ga yadda muka kwashe

Mashin ɗin nan na mahaifinmu ne Allah ya jiƙansa, Honda CD175 irin wadda tsofaffi ke ce wa Benli, ta fi shekara ashirin a jingine a zaure kaji na kwana a kai. Honda sun daina yinta tun 1979, to ka ga ba abin da za ka shiga shago ka ce a ba ka kayanta ba ne. Ni da kaina na fara taɓawa duk Asabar da Lahadi, na sauke tanki na zuba masa ƙananan notuna da kananzir na yi ta girgizawa har tsatsa ta fita, na wanke kafireta, na canza fulogi biyu, na yi ta buga kik har cinyata ta yi tsami amma ko tari ba ta yi ba. Uwargida tana ta min dariya wai na auro ta biyu.

Da na gaji sai wani abokina ya haɗa ni da wani dattijon bakanike a Dilimi cikin garin Jos. Ba zan faɗi sunansa ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na son a ce na ɓata wa dattijo sana'a.

Rumfar ba ta da wani fasali, langa-langa ce da benci ɗaya da baƙin mai ko'ina, amma yana ganin mashin ɗin ya miƙe tsaye ya shafa tankin ya ce ɗana a ina ka samo wannan. Yara biyu da na fara kai wa a unguwa duk cewa suka yi a cire injin a ɗora na Jincheng a huta, don su idan ba CDI ba ne, wato akwatin wuta irin na mashinan zamani, ba su san kan abin ba, ita kuwa wannan kwantak take amfani da shi, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta, kuma wutarta bol 6 ce. Shi dattijon, wanda shi ma Baba nake ce masa, buɗe murfin ya yi, ya goge bakin kwantak ɗin da 'yar sanfefa, ya yago siririyar takarda ya sa a tsakani, yana juya injin a hankali da sifana yana jan takardar da yatsu biyu, daidai lokacin da alamar F ta zo kan layi takardar ta zare. Ya ce to nan wuta take. Tafet ma, wato tazarar bawul, a gabana ya saita milimita 0.05 yana ta mita wai yaran yanzu da kunne suke yi kuma kunnen ma babu. Kondensa ce ashe ta mutu, ga ringi sun manne, ya sa aka nemo daga wata matacciyar CD da ke bayan rumfarsa. Ranar da ta tashi wallahi sai da na ji ƙwalla, ƙarar nan ta silinda biyu sak yadda nake jinta muna yara idan mahaifinmu ya dawo daga Bukuru.

Inda muka ɗan yi sa-in-sa shi ne ni na so in yanke madigadin baya in sauke kan mashin ɗin ƙasa irin yadda samarin Ingila suke yi a shekarun 1960, ya ce shi dai ba da hannunsa ba, in na yanke ba zan ƙara samun irin ƙarfen ba. A lokacin na ji haushi, yanzu kam na ga gaskiyarsa. Kushin kawai muka canza zuwa ruwan ƙasa.

To sai fenti. Nan ne aka kwafsa. Ya ce in bar masa yana da yaro mai fesawa, sati biyu an gama, sati biyun nan sai da ya zama wata biyu, yau babu wuta gobe ruwan sama jibi yaron ya tafi biki, ni kuma ina ta zarya daga Rikkos. Da aka kawo tankin daga nesa jan ya yi kyau, amma ranar farko da na sha mai ɗan fetur ya ɗiga a gefen murfi fentin ya yi laushi ya tattare kamar fatar tsohuwa, ashe bai bi shi da ruwan ƙyalli mai hadina, wato sinadarin da ke sa shi tauri, ba. Tambarin fiffiken Honda na gefe ɗaya ma ya ɓatar da shi. Baba ya ba ni haƙuri sosai ya ce a sake a kuɗinsa, na ce a'a Baba bar shi, na kai wani wajen a Farin Gada na sake biya.

Kuɗin aikinsa na inji bai tsawwala ba ko kaɗan, kuma duk abin da ya cire sai ya zuba maka a leda ka gani da idonka. Mai tsohuwar Benli ko Roadmaster ko Suzuki A100 ya kai masa inji da wayarin ido rufe, fenti kuwa ka ɗauki tankinka ka yi gaba. Kuma ka je da safe, bayan La'asar ba ya taɓa sifana.

Batir mai bol 6 ne har yanzu nake nema mai kyau, wanda na samu ba ya riƙe caji, fitilar da dare kamar aci-balbal. Lahadin da ta wuce dai na kai ta har Mista Ali na dawo da sanyin safiya, giya huɗun nan duk suna shiga lafiya lau.