Irin fulawar sanyi da na gwada a Zariya: calendula ta biya kuɗinta, pansy kam a'a

Bara wajen ƙarshen Oktoba, ruwa na ɗaukewa kenan, ƙanina ya taho min da fakiti huɗu na irin fulawa daga wajen wani mai renon shuke-shuke a Jos, calendula, pansy, snapdragon da petunia. Gaskiya irin mai kyau ne ba tsoho ba, amma bayanin bayan fakitin kar ma ku bi shi, don mutanen Turai aka rubuta, wai a shuka in sanyi ya wuce, mu kuwa nan sanyin shi ne lokacin, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kawai muke da shi.

Calendula ita ce ta faranta min rai wallahi. Ƙwayarta babba ce a lanƙwashe kamar farcen mage, na tura ta cikin tsofaffin bokitan fenti da na huda gindinsu, ƙasa da yashi da busasshen kashin awaki, sati ɗaya sai ga tsiro. Kafin sabuwar shekara tsakar gidana ya yi ruwan lemo da ruwan ɗorawa, da asuba in na fito alwala cikin hazon nan na hunturu su nake fara kallo. Kuma in kina cire furen da ya bushe sai ta ƙara fitar da wasu, har Maris tana yi.

Snapdragon da petunia sai da na yi asarar rabi, laifina ne, irinsu ƙanana ne kamar ƙura ni kuma na binne su, ashe haske suke so, a barbaɗa a sama kawai a yayyafa ruwa da hannu. Karo na biyu suka fito, sai dai ƙadangaru sun sha min kai, dole na rufe da tsohon gidan sauro.

Pansy ce ta ba ni takaici. Ita duhu take so kafin ta tsiro, na rufe ta da kwali, sai da ta yi kusan sati biyu, ta girma a hankali a hankali, ta yi fure 'yan kaɗan masu kyau kamar fuskar yaro, ranar da zafi ya fara leƙowa a ƙarshen Fabrairu duk ta kwanta, ba irin inuwa da ban ruwan da ban yi ba. Jos tana kan tudu sama da mita 1,200, can akwai sanyi, pansy za ta sake, mai renon bai yi min ƙarya ba, amma da ya tambayi garin da za a kai ta.

Bana calendula da snapdragon kawai zan sake, na ma tara irin calendula a ambulan, maƙociyata ta riga ta karɓi nata.