Wata uku da jawo intanet ɗin fiber gida, ga abin da na gani

Masu ta tambayata a kan fiber ɗin nan, to ga amsa. Gaskiya ya fi datar waya nesa ba kusa ba, bidiyo kol da ƙanena da ke karatu a Ingila yanzu ba ya yankewa ko da daddare ne. Yaron da ya zo haɗawa ya nuna min cikin wayar fiber ɗin, wani siririn gilashi ne kamar silin gashi, ya ce Malam don Allah kar a lanƙwasa shi da yawa kuma kar yara su leƙa bakinsa da ido.

Tallar kamfanin ce dai ta tsaya min a rai, wai intanet mai gudun haske, kuma ni fiziks nake koyarwa a sakandare. Eh haske ne ke bi ta ciki amma ba da cikakken gudunsa ba, a sararin da babu komai yana cin kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya, in ya shiga ruwa sai ya sauko wajen 225,000, a gilashi kuwa kusan 200,000 ne. Kebul ɗin MainOne da ya biyo ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas kusan kilomita 7,000 ne, zuwa da dawowa 14,000, milisakan 70 (kashi 70 cikin dubu na daƙiƙa) kenan ya tafi tun saƙon bai kamo hanyar Kano ba. Masu buga gem da sabar Turai ku sani, ko nawa kuka biya ping ɗinku, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je sabar ya dawo, ba zai sauka ƙasa da haka ba, laifin ba na kamfani ba ne, nisa ne.

Inda suka ɓata min rai a sati na biyar ne, ya ɗauke ɗif, jar wuta sai ƙiftawa take a jikin akwatin, kwana biyu ina kira kafin su turo mutum, ashe kan wayar ne ya ɗan saki. Nan take na tuna wani gwajin fiziks mai suna OPERA na 2011, da masana suka auna gudun wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino daga cibiyar binciken CERN da ke kusa da Geneva zuwa ta Gran Sasso a Italiya, kilomita 730, suka ga kamar sun riga haske isa da nanosakan 60 (kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa), abin da fiziks ya ce ba zai yiwu ba, duniya ta ɗauka, a 2012 aka gano wata wayar fiber ce ba ta zauna daidai ba. Na ba yaron labarin nan yana aiki, na tsaya a kansa sai da na ji kan wayar ya ce ƙas, tun ranar bai sake ɗaukewa ba.