Tsohuwar manhajar DOS a sabuwar kwamfuta: abin dubawa kafin ka ba da kuɗinka a Ikeja

Akwai shaguna da ƙananan ofisoshi a Legas da har gobe lissafinsu yana kan manhajar nan mai shuɗin allo ko baƙi, wadda ba hoto a cikinta ba linzami, sai rubutu zalla: layi 25, kowane layi gurbin harafi 80. Galibi wani ne ya rubuta wa maigida ita tun shekarun 1990 da dBase ko Clipper ko FoxPro, kayan rubuta manhajar adana bayanai na wancan zamanin, ta riƙe sunayen kwastomomi da bashin da ake bin kowa da yawan buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita. Akawun da ya tsufa a kanta ba ya ma duban kibod, yatsunsa sun haddace F2 da F10. Ran da tsohuwar kwamfutar ta mutu, ko danshin Legas ya cinye mata ciki ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone ta, sai a aiki yaro Ikeja ya sayo sabuwa. A kwafe manhajar a zuba, a danna, Windows ta ce atafau wannan ba zai yi aiki a nan ba.

Kada ka mayar wa mai shago kayansa, kwamfutar lafiyarta ƙalau. Manhajojin DOS, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kafin Windows ta mamaye, na zamanin 16-bit ne. Windows mai 32-bit tana da wani sashe, NTVDM, da ke karɓarsu, amma mai 64-bit ba a taɓa saka mata shi ba. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, mai 64-bit ce kaɗai. Saboda haka dole a samo wani abu da zai shiga tsakani.

Masu shiga tsakanin iri biyu ne. Akwai manhajar kwaikwayo, wadda aikinta irin na tafinta ne a kasuwar Mile 12: mai albasa ya faɗa da Hausa, shi ya juya wa mai saye da Yarbanci, ciniki ya faɗa. Tsohuwar manhajar tana ba da umarninta yadda ta saba, ita kuma ta juya shi zuwa abin da sabuwar kwamfutar ke ji, fayilolinka suna nan cikin folda ta Windows kana ganinsu. Akwai kuma kwamfutar cikin kwamfuta, inda za a yanki wani ɓangare na RAM da na rumbun ajiya a gina wata kwamfuta sukutum ta ƙarya, a ɗora mata DOS nata daga tushe. Yawancin masu gyara wannan ta biyun suka fi sani, ita za su fara ambata maka. A ganina, ga ɗan kasuwa, ba ita ce ta farkon gwadawa ba.

Abin da ke yanke zaɓin ba ƙarfin kwamfuta ba ne. Manhajar da aka rubuta don ta zauna cikin kilobait 640, kowace laftof ɗin tokumbo da ke kasuwa yau ta fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Abin tambaya shi ne me manhajar ke taɓawa a wajen kanta. Tana buga rasit? Mutum nawa ke shigar da lissafi a lokaci guda? Akwai wani ɗan makulli da ake cusawa a bayan tsohuwar kwamfutar wanda idan babu shi ba ta buɗewa? Amsar waɗannan ita za ta nuna maka hanya.

A cikin manhajojin kwaikwayo, DOSBox shi ne sunan da kowa ya sani, ya fito tun 2002, kyauta ne. Amma don wasanni aka yi shi, kuma fitowarsa ta 0.74-3 tun 2019 take. Ba ya buga takarda, ba ya kuma kulle fayil idan mutum biyu suka shiga tare. Ɗalibin da ke son gwada QBasic ko Turbo Pascal a ɗakinsa a Agege, ya wadatar da shi. Lissafin dukiya kuwa kada a ɗora a kansa.

Daga jikinsa aka tsago wasu guda biyu da su ne abin magana a nan. DOSBox-X yana aiki a Windows da Linux da Mac, kyauta ne, yana iya kwaikwayon firinta, yana nuna rubutu da haruffan zamani masu kyan gani maimakon masu gargada, ana kuma iya kwafo rubutu daga cikinsa a liƙa a wani wurin. Aibinsa yawan saiti. Fayil ɗin saitinsa dogo ne ƙwarai, wanda bai saba ba zai ɓata a ciki. Na biyun vDos, wanda wani mutumin Holan, Jos Schaars, ya gina musamman don manhajojin ofis masu rubutu zalla. Windows kaɗai yake yi, wasanni ba ruwansa da su. Abin da ya sa na fifita shi ga mai shago abu biyu ne: yana karɓar abin da manhajar ta tura wa firinta ya miƙa wa kowace firintar da Windows ta sani, kuma yana mutunta kulle fayil. Ana sauke shi kyauta, sai dai ka karanta sharaɗinsa, domin aiki da shi a kan netwok na ofis yana da rajista ta kuɗi.

Wannan batun kulle fayil kada a ɗauke shi da wasa. A ce Alhaji yana ofis a sama yana gyara bashin wani kwastoma, yaron shago kuma yana ƙasa yana shigar wa mutumin nan sabon kaya. Manhajar Clipper ko FoxPro da aka rubuta don mutane da yawa takan kulle layin da ɗaya ke taɓawa har ya gama. Idan abin da ke ƙarƙashinta bai san wannan kullen ba, ba wani gargaɗi da zai fito a allo. Kowa zai ga kamar aikinsa ya shiga, sai ƙarshen wata lissafi ya ƙi haɗuwa a fara zargin yaro da abin da bai ji ba bai gani ba. Idan kwamfuta fiye da ɗaya ke shiga fayil guda, gwada wannan da kanka: ku buɗe kwastoma ɗaya a wuri biyu, ku ga ko na biyun za a ce masa ya jira.

Sai kwamfutar cikin kwamfuta. VirtualBox na kamfanin Oracle, ɗaya daga manhajojin da ke gina ta, kyauta ne. VMware Workstation Pro da a da ake saya da tsada, Broadcom ta mayar da shi kyauta a 2024, don haka duk wanda ya ce ka biya kuɗin lasisinsa, tambaye shi na mene ne. A ciki za a ɗora FreeDOS, wato DOS na kyauta wanda Jim Hall ya faro a 1994, fitowarsa ta 1.4 ta zo a 2025, kuma halak ne a yi kasuwanci da shi ba tare da biyan kowa ba. MS-DOS 6.22 na 1994 kuwa har yanzu mallakar Microsoft ne. Alfanun wannan hanyar shi ne DOS ɗin na gaske ne, don haka manhajar da ta yi gardama a wajen masu kwaikwayo takan kwanta a nan. Ana kuma iya ɗaukar hoton yanayin kwamfutar gaba ɗaya kafin a taɓa wani abu, in an ɓata a koma.

Wahalarta kullum ce, ba ta ranar sakawa ba. Foldar haɗin gwiwa da VirtualBox ke bayarwa ba ta aiki da DOS kai tsaye, saboda haka fayilolinka suna kulle cikin wani ƙaton fayil guda, fito da su sai an bi ta hoton filofi, wato fayil mai kwaikwayon faifan filofi, ko an haɗa netwok irin na da. DOS bai san firintar USB ba. Ga kuma wani abu da ya shafe mu a nan fiye da mutanen Turai: DOS ba ya hutawa. Ko ba abin da ake yi, yana ta zagaye yana jiran a danna maɓalli, sai ka ji fankar laftof na kuka, jikinta ya ɗau zafi, batir ya zube tun kafin azahar. A garin da ake lissafin man janareta da abin da inbata za ta iya ɗauka, wannan kuɗi ne. Maganinsa ɗan ƙaramin shiri ne, FDAPM a FreeDOS ko POWER a MS-DOS, amma sai mai saka maka ya san da shi. Ka kuma tabbata an kunna VT-x ko AMD-V, saitin furosesa mai ba da damar gina kwamfuta cikin kwamfuta, a BIOS, wato allon saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, in ba haka ba VirtualBox na yanzu ba zai tashi ba.

86Box da PCem suna kwaikwayon takamaiman tsofaffin injuna har da katin sauti da na hoto. Na masu sha'awar tarihi ne, suna kuma cin ƙarfin kwamfuta. Mai Mac ɗin da ke da M1 ko na bayansa ya sani furosesarsa wani jinsi ne daban, VirtualBox ba zai ɗora masa DOS ba. Nasa DOSBox-X ne ko UTM, manhajar gina kwamfuta cikin kwamfuta a Mac.

Firinta ita ce inda ciniki ya fi ɓaci. Tsohuwar manhaja tana tura rubutu ne kai tsaye zuwa LPT1, wato faffaɗar kafar nan mai rami 25, haɗe da lambobin Epson da ke cewa a matse haruffa ko a ja takarda. Idan kana buga webil mai kabon kwafi biyu ko uku don direban da zai kai kaya Kano, firinta mai allura irin Epson LX-300 ba ta da madadi, domin ta laser ba ta bugun takarda balle kabon ya kama. Wadda ta gaje ta, LX-350, tana da USB tana kuma da tsohuwar kafar, ita ce mafi sauƙin haɗawa da sabuwar kwamfuta. Wayar nan mai USB a kai ɗaya da faffaɗar kafa a ɗaya kan, da ake sayarwa ko'ina a titin Otigba na kasuwar kwamfuta ta Ikeja, tana haɗa tsohuwar firinta da Windows lafiya lau, amma ba ta zama LPT1 na gaske. Ma'ana firinta za ta yi, makullin manhaja ba zai yi ba.

Wanda manhajarsa ke da irin wannan makullin, shawarata ya daina wahalar da kansa. Ya nemi tsohuwar kwamfutar tebur ta ofis mai kafar a jikinta, irin Dell OptiPlex na shekarun 2000, ya ɗora mata FreeDOS kai tsaye, in da hali ya sayi biyu ya ajiye ɗaya a wuri busasshe. Haka ma akwai masu zuba Windows 10 mai 32-bit a tsohuwar laftof su kunna NTVDM. Yana yi, kuma ya fi komai kama da yadda aka saba. Sai dai Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, don haka injin da aka yi wa haka a raba shi da intanet, kada a riƙa shiga banki da shi.

Wasu kurakuran da za su fito a allo ba alamar zaɓinka ya ɓaci ba ne. Manhajar da aka rubuta da Turbo Pascal ta ce Runtime error 200, saurin furosesa ne ya yi mata yawa, a DOSBox-X rage gudu kawai za a yi. Ta Clipper ta ce DOS Error 4, fayilolin da aka yarje mata ta buɗe ne suka yi kaɗan, a ƙara lambar FILES a saiti tare da layin SET CLIPPER. Alamar naira kuwa, da ƙ da ɗ da ɓ, kada ka sa rai. Jerin haruffan DOS na asali, mai lamba 437, yana da fam da yen, ba shi da namu. Yadda aka saba rubuta N a gaban kuɗi, haka za a ci gaba.

Ranar zuwa kasuwa, kada ka tafi da baki kawai. Kwafi foldar manhajar gaba ɗaya a filash, kwafi ba na asali ba, kuma in da hali wanda aka cire sunaye da lambobin kwastomomi, tunda a hannun baƙo za ka buɗe shi. Tafi da akawun da ke aiki da ita kullum, shi zai gane in wani maɓalli ya daina amsawa. In za ta ɗauku, ɗauki firintar ma. Mai gyara zai buɗe maka allon farko ya ce, "Oga, ka gani, ta yi." Ce masa, "Madalla, to bari mu shigar da kaya, mu buga rasit, mu fitar da rahoton wata, mu kashe mu kunna." A rahoton wata ne ake gane ko layukan tebur sun miƙe, ko kwanan wata na fita daidai, domin wasu manhajojin lamba biyu suke ajiyewa ta shekara. Fara da vDos, in ta ƙi a koma DOSBox-X, in shi ma ya ƙi sannan a gina VirtualBox da FreeDOS. Tunda kusan duk manhajojin kyauta ne, kuɗin da za ka biya na aikin hannu ne, sai ku yi cinikinsa a haka.

Kafin ka sallame shi, ya nuna maka ainihin inda fayilolin lissafin suke zaune, ya rubuta maka saitin da ya yi a takarda. Idan masu ƙarewa da DBF ne, Excel da LibreOffice suna buɗe su, ka gwada a kan kwafi don ka san bayananka na iya fita duk ranar da ka ga dama. A sa UPS idan kwamfutar tebur ce, domin ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu shi ke lalata fihirisar dBase da Clipper, kuma a koya wa yaron shago inda ake sake gina ta a cikin manhajar. Kowace yamma kafin a rufe shago a kwafe foldar a filash, filash ɗin kuma ya kwana a gida ba a shago ba.