Kyamara ko kwamfuta? Amsa ga ƙanenmu mai jika 350

Ƙanena, jika 350 ɗin nan na sefa da ka tara don shiga harkar bidiyo, kai su wajen mai kwamfuta. Kyamara ta jira tukuna.

Ni da kyamara na fara, shi ya sa kake jin zafi a maganata. Tsohuwa ce irin ta ɗaukar hoto mai yin bidiyo, na rataya ta a wuya ina zagaye unguwar Zango a nan Damagaram kamar wakilin gidan talabijin. Ranar wata walimar saukar Alƙur'ani a Garin Malam, ana tsakiyar addu'a ta tsaya da kanta. Ashe tsofaffin nan, da fayil ya cika giga 4 suke yanke ɗauka, wajen minti 12 ke nan in hoto mai kyau ka zaɓa, kuma ko ana ha-maza-ha-mata ba sa kai minti 30 a tafiya ɗaya. Wanda ya sayar mini bai ce uffan ba. Ranar da ta ɗauka lafiya ma, sai na kai katin wajen mai montaj, wato mai yanka bidiyo da haɗa shi a kwamfuta, ya yanki rabonsa, ya ajiye ni mako biyu, masu biki kuwa lambata suke da ita, ba tasa ba. In ba ta haƙƙinta, da rana tana fitar da hoto mai kyau, kuma mai kyamara ba ya rasa tuwon biki. Iyakarta ke nan.

Da na sayar da ita a kan asara, na cika kuɗi na ɗauki kwamfuta HP ZBook ta hannu. Nauyi gare ta kamar tubali, amma har gobe ina yi mata addu'a. Azumin farko da na yi da ita, almajiran wani malami a Birni suka riƙa kawo mini tafsirin kowace rana, da waya suke ɗauka, ga kukan fanka, ga tarin jama'a. Bayan asham sai in zauna in tace muryar, in yayyanka karatun gajere-gajere, minti uku zuwa biyar, in rubuta sura da aya a ƙasa. Wuta ta ɗauke, batir ya riƙe ni har in kai ƙarshen yanki. Sau da yawa a gabanta nake sahur. Kafin Sallah mutane sun fara tambayar wa ke gyara wa Malam karatu, kuma ranar hawa masu kyamara uku ne suka kawo mini abin da suka ɗauka a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Su suka sha ƙura da rana a tsakanin dawaki, ni ina ɗaki da shayina, kowannensu ya biya ni.

A nan lissafin yake. Yau duk gidan biki akwai waya ashirin a sama, ɗanyen bidiyo ya yi wa gari yawa. Wanda ya iya mayar da awa huɗu ta koma minti goma sha biyar da amarya za ta kalla har ƙarshe, shi ne ba ya da yawa. Mai kyamara biki ɗaya yake iya halarta a yini, kuma kasuwarsa ta lokaci ce: gab da azumi da bayan Sallah ba ya zama, da damina ta sauka sai hamma. Mai montaj kuwa masu kyamara da yawa yake yi wa aiki, ga ƴan Kasuwar Dole masu son tallar atamfa da turare a WhatsApp, ga masu wa'azi, ga ɗaliban Jami'ar André Salifou ranar kare kundinsu, ga masu wasan barkwanci na TikTok. Ranar da ka samu aikin ɗauka, kyamara hayarta ake yi, ka mayar da yamma.

Kuɗi fa? Abin da nake karɓa zan faɗa maka, wani ya fi ni, wani bai kai ba. Montaj ɗin biki jika 15 zuwa 25, gwargwadon yawan abin da aka ɗauko. Tallar shago ta minti ɗaya jika 5 zuwa 10. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasar nan ta Nijar jika 42 ne tun Janairun 2024, wato biki biyu ko uku sun kai ka can. Sai dai kada ka ɗora aure a kan wannan lissafi, akwai watan da biki ɗaya ma ba za ka gani ba, kuma shekarar farko rabin aikinka na “Allah Ya saka da alheri” ne. Inda maiƙo yake shi ne ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu. Su suna son a ɗauki maganar manomi ko mai jego da Hausa ko Barbarci, a rubuta fassarar Faransanci a ƙasan hoto. Mu da muka yi lakwal a nan, wannan gonarmu ce. Editocin Kano, duk da gwanintarsu, ba kowa ke iya ta ba. Aiki ɗaya irin wannan kan fi biki biyar, amma suna neman takardar farashi da rasit, kuma kuɗinsu ba ya gaggawa.

Abin da za ka fara koya sauti ne. Mutum zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma da murya ta yi ƙara ko ta shige rijiya zai wuce. Daga nan yanka: sanin inda za ka datse magana ba tare da ka juya ma'anarta ba, musamman ta malamai. Sai gyaran launi, don amarya baƙa kada ta fito toka-toka. Sai fitar da fayil: 1080 a tsarin H.264 kowace waya na buɗe shi, kuma ka iya matse shi da manhajar HandBrake, kyauta ce, don mai megas kaɗan ya iya saukewa. Furanni masu yawo da rubutu mai walƙiya, ka bar wa yara.

Manhaja kada ta ci maka ko dala. CapCut, na kamfanin da ke da TikTok, ya ishe ka tallar shago. DaVinci Resolve yana da na kyauta, kuma shi ne gwani wajen launi, sai dai yana son inji mai ƙarfi. Premiere Pro duk wata ake biyansa; ka san hannunsa dai, don yawancin sutudiyo da shi suke aiki. Waɗanda ake zuba maka a shago a ce “an fasa”, sau da yawa da cuta suke zuwa.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: masu sayar da kwamfuta ta hannu akwai na Allah, akwai na Annabi, akwai kuma waɗanda sai addu'a, a nan ko a Kano duk ɗaya. Tambarin “i7” da ke manne a jiki ba hujja ba ne, manna shi ake yi. Kunna ta ka karanta lambar injin da idonka. In ka ga i7-3520M, ƙarni na uku ne, kayan 2012, komai ƙyallin murfinta. In ka ga i7-8650U ko i7-8750H, ƙarni na takwas ke nan, kuma daga nan Windows 11 yake karɓa a hukumance. Windows 10 kuwa Microsoft ya daina kula da shi tun 14 ga Oktoban 2025. Mai harafin H a ƙarshe ya fi mai U ƙarfin montaj. RAM, wato wurin da take riƙe aikin da ke buɗe, giga 16, kada ka yarda da 8 a ce maka “ana ƙarawa”, a ƙara a gabanka. Ma'ajiyarta ta zama SSD, irin mai saurin nan, giga 512 in hali ya yi. In akwai katin hoto na Nvidia, madalla. Cire caja ka ga minti nawa batir zai yi, don wasu da an zare waya suke mutuwa. Ka kuma saurari fankarta: wadda ke huci a shago mai sanyi, zafin Afrilu na Damagaram gasa ta zai yi. Filash da katin da aka rubuta wa tera 1 a kuɗin goro, na jabu ne, zai nuna ya karɓi aiki, ranar bayarwa ka tarar da wayam.

Kada ka zuba duka 350 a kwamfutar. Ka rage na faifan ajiya na waje, don bikin mutane ba a maimaita shi, da abin sauraro na kunne mai kyau, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Ranar da za ka je saye, ka zuba bidiyo mai nauyi a filash, ka buɗe shi a kanta nan cikin shagon, ka ja shi gaba da baya. In mai kaya ya ce ba a gwadawa, yi masa sallama ka shiga shago na gaba.