Shagon littattafan likitanci na Harobanda: abin saye da abin bari

In ka ƙetare gadar Kennedy ta Yamai ka shiga unguwar Harobanda ka nufi sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni, za ka ga jerin shagunan fotokofi a bakin hanya. Ɗaya na wani dattijo ne da duk muke ce ma Baba Alhaji, shi ne ke haɗa fotokofi da sayar da littattafan likitanci, sabbi da na hannu. Ina shekara ta biyar, kuma tun farkon shigowata Yamai can nake saye. Tunda sakamakon bak, wato jarrabawar gama sakandare, ya fito ƴan uwa daga Tawa ke ta kirana suna tambayar me za su saya ma yaransu, shi ya sa na ga gara in rubuta a wuri guda.

Inda shagon ya fi ƙarfi shi ne poli, wato darasin da malami ya rubuta da kansa ake bugawa. Alhaji ya jera su shekara-shekara, yaronsa kuma ya san na bana da na bara. Jarrabawar shekarar farko daga poli da abin da aka faɗa a amfi, wato babban ɗakin lacca, take fitowa, don haka kuɗin farko nan ya kamata su tafi. Ɗaurinsu na zobe yana da ƙwari, nawa har yanzu ba su warware ba.

Littafi ɗaya da ya cancanci a buɗe bakin jaka dominsa shi ne atalas na Netter, littafin zanen sassan jiki. Frank Netter likitan fiɗa ne Ba'amurke da ya zana sassan jikin mutum da hannunsa, atalas ɗin ya fara fitowa a 1989, kuma akwai shi da Faransanci. A shagon iri uku ne: na asali na hannu, kofi mai launi, da kofi baƙi da fari. Na ukun nan ko kyauta aka ba ku kada ku ɗauka. A zanen, jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya ja ce, mai maido da shi shuɗiya, jijiyar ji da motsi kuma rawaya. In inji ya mayar da su duka toka-toka, yaro zai kwana yana kallon hammata bai gane wace ce wace ba. Kofi mai launi yana yi, sai dai siraran layukan da ke nuna sunaye kan ɓace a wasu shafuka, a duba kafin a biya. Na asali ya fi, ko da bugun ya tsufa, ai ƙashin mutum bai sake ba. In kuɗi sun gaza, ƴan ɗaki biyu ko uku su haɗa su sayi ɗaya.

Inda ni da Alhaji muka saɓa shi ne Rouvière, wani littafin ilimin sassan jiki. Da ya ga uba ya shigo da babbar riga sai ya sauko da kundi huɗun nan ya ce duk manyan likitocin ƙasar nan da shi suka yi karatu. Littafin mai daraja ne, amma rubutu ne cunkus, kuma tsofaffin bugu da ke shagon suna kan tsofaffin sunayen ƙasusuwa: omoplate, péroné, cubitus. Tsarin sunaye na duniya da aka fitar a 1998 ya ce scapula, fibula, ulna, kuma su yawancin sabbin littattafai ke bi. Yaron da bai ko san hanyar amfi ba, me zai sa a ɗora masa suna biyu kan ƙashi ɗaya? Littafin Kamina, shi ma na sassan jiki, ya fi sauƙin shiga. Shi kundi biyar ne, amma na ɗaya kaɗai za a saya yanzu, wanda ya ƙunshi gabatarwa da hannuwa da ƙafafu. Sauran su jira lokacinsu.

Guyton na aikin gaɓoɓin jiki ya haura shafi 1000, a bar shi a laburare, ko a karɓi kofinsa a waya wurin yayye. Vidal na magunguna ne, kowace shekara sabo ke fitowa, ɗan shekarar farko ba abin da zai yi da shi. Ƙamus na Garnier da Delamare kam yana da amfani, domin makonnin farko rabin wahalar kalmomi ce.

Shagon yana da nasa aibu. Ba a rubuta farashi a jikin komai, kuma kuɗin da za a faɗa ma ɗalibi daban da wanda za a faɗa ma mai mota, har bambancin yakan kai jikka da yawa. Iyaye su tura yaron tare da wani na gaba da shi, su tsaya a waje. Wurin matsattse ne, da zafi, in wuta ta ɗauke kuma aiki ya tsaya ke nan. Akan samu kofi da shafi ya tsallake, kuma in ka fita da shi ba a maidowa.

Amma yana sayen littafi in ka gama da shi, kuma yana ba da bashi ga wanda ya sani. Na sha jin ya ce ma ɗaliba, "Ɗauki ɗiyata, in bursu (kuɗin tallafin karatu) ta fito kin kawo." Ban san wani shago a layin da ke yin haka ba.

Kada a sayi komai sai an yi mako guda ana shiga aji, an ji littafin da malamin kowane darasi ke bi. A je da safe kafin layin fotokofi ya yi tsawo. Ranar Juma'a yana rufewa tun kafin azahar, ba ya buɗewa sai bayan la'asar.