Zango guda da PhET a ajin Fiziks: abin da idona ya gani

Shekara tara ke nan ina koyar da Fiziks a sakandare, kuma duk lokacin da muka iso darasin wutar lantarki sai aji ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Ka zana batir da waya da ƙwan fitila a allo, ka ce wuta ta nan take bi, yara su kwafe su rufe littafi. Ɗakin gwajinmu kuwa batiransa sun daɗe da mutuwa.

A zangon da ya wuce wani abokin aiki ya nuna mini PhET. Tarin gwaje-gwajen kimiyya ne na kwamfuta da Jami'ar Kolorado ta Amurka take samarwa kyauta. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta Fiziks a 2001, shi ya assasa shi a 2002. Abin da ya fara jan hankalina shi ne ana iya sauke gwaji a ajiye, a buɗe shi ba intanet. Da datar dare na sauke guda shida, ban sake kashe ko sisi ba.

Wanda ya fi yi mini aiki shi ne Circuit Construction Kit. Kana jawo batir da waya da ƙwai da linzamin kwamfuta ka haɗa, sai ka ga 'yan ɗigo suna zagaya waya, ƙwai ya kama. Ranar farko na haska a bango da majigi, na kira wani yaro da ke zama can baya, wanda tun farkon shekara ban ji muryarsa ba. Ya haɗa waya daga kan batir zuwa gindinsa kai tsaye, bai sa ƙwai a tsakani ba. Nan take batir ya kama da wuta a jikin bango! Aji ya ɓarke da ihu. Wata yarinya ta ce, "Malam, abin da ya ƙona shagon kawuna ke nan?" Daga wannan tambayar muka yi rabin awa kan amfanin fiyus, ba wanda ya yi hamma.

Daga baya na gane ba kallon ne ke koyarwa ba, cankar da ke gabansa ce. In na jera ƙwai uku a layi ɗaya, sai na tambaya: in na cire ɗaya, me zai faru da sauran? Su yi ta musu, su ɗaga hannu, sannan in cire. Ranar da na yi gaggawa na nuna kawai, kallon fim suka yi.

Matsalolinsa fa? Ƙwan majiginmu ba shi da ƙarfi, da rana ta take sai mun rataya tsofaffin zannuwa a tagogi. In an ɗauke wuta, kuɗin man janareta daga aljihuna. Yara sama da saba'in, kwamfuta ɗaya, bai fi mutum biyar su taɓa linzami ba a darasi.

Amma babban abin da ya dame ni a ɗakin gwaji ya fito. A kwamfuta waya ba ta saki, ba ta tsatsa, na'urar awon wuta tana rubuto lamba tsaf. Da na samo batira na miƙa musu waya ta gaske, rabinsu sun kasa ɗaure ta, allurar awo kuma ta gagare su karantawa. A jarrabawar gwaji ta WAEC kuwa kayan gaske za a ajiye musu a tebur.

Zan ci gaba da amfani da shi, babu shakka. Sai dai zango mai zuwa Litinin ce ranar majigi, Laraba kuma kowa ya zo da tsohuwar cocilan daga gida mu kwance ta.