Akwatin da Ban Samu Ba Ne Ya Riƙe Ni a Wasan Geocaching

Duk wanda ya tambaye ni ko geocaching ya cancanci lokacin da ake ba shi, amsata ita ce ya cancanta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin bai shafi manhaja ko tsadar wayar da ke hannun mutum ba. Ya shafi irin mutanen da suke ɓoye akwatuna a yankin da yake nema. Na shiga wasan ne da zaton harka ce ta mutum da wayarsa: ya buɗe taswira, ya bi kibiya har inda lambobin GPS suka nuna, ya lalubo ɗan akwatin da wani ya ɓoye, ya sa hannu a littafin da ke ciki, ya mayar da shi yadda ya same shi. A makonnin farko haka abin ya kasance, har na fara ƙosawa, domin yawancin abin da nake samu ƙananan kwalabe ne da aka maƙala a bayan allon hanya ko a gindin turken fitila, waɗanda ba su kai ni wani wurin da zan so in sake komawa ba.

Abin da ya sauya mini ra'ayi wani akwati ne mai matakai, irin wanda ba a ba mutum lambobin wurin ƙarshe kai tsaye, sai ya je wuri na farko ya tattara amsoshi ya haɗa su da kansa. Mai shi ya ba shi tauraro 3 cikin 5 a wahalar nema, 3 kuma a wahalar hanya. Matakin farko yana kan wata tsohuwar gada, inda ake karanta shekarar da aka zana a jikin ginshiƙi, a ƙirga ƙarafan shingen gefe, a fitar da lambobin da za su gangara da mutum bakin rafi, tsakanin manyan duwatsu da bishiyoyi masu duhuwa. Lissafina ya fita daidai, domin jimillar lambobin ta zo ɗaya da wadda mai akwatin ya rubuta don tantancewa, don haka na sauka cike da tabbaci.

Da na isa ƙasa sai kibiya ta rikice. A fili, inda babu abin da ya tare sama, waya takan kawo mutum kusan mita 5 daga abin da yake nema, amma a ƙarƙashin ganye da tsakanin duwatsu saƙon taurarin ɗan'adam yakan bugi dutse ya karkace kafin ya iso, sai tazarar ta riƙa tsalle daga mita 3 zuwa 15 alhali ina tsaye wuri ɗaya. Na mayar da wayar aljihu na koma neman ido da hannu. Ɗan haske da mai akwatin ya bayar ya ce a duba ƙarƙashin dutsen da ya tsage, na kuwa sami dutsen, na sami kogon da ke ƙasansa, wanda duk wanda ya gan shi zai san an yi shi ne don ɓoye wani abu, amma babu komai a ciki sai laka da karmamin da ruwa ya tura. Na bi sauran duwatsun ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi sanyi, ƙafafuna suka jiƙe, ƙaya ta yayyage mini hannu, na hau sama raina a ɓace, ina cewa a zuci wannan shi ne na ƙarshe.

A wasan akwai damar rubuta a shafin intanet na akwatin cewa ka nema ba ka samu ba, kuma mutane da yawa suna guje mata saboda suna ganin tallar gazawa ce. Ni dai na rubuta, cikin fushi ma, na bayyana dutsen da kogon da lakar da na tarar. Washegari da safe saƙon mai akwatin ya iso, kuma ban taɓa tsammanin irinsa daga mutumin da bai san ni ba. Bai kare kansa ba, bai ce mini in ƙara buɗe ido ba. Ya tambaye ni tsayin da laka ta kai a jikin dutsen, ya ce yana zargin ambaliyar da aka yi kwanakin baya ce ta tafi da akwatin, ya dakatar da shi a shafin nan take don kada wani ya sake yin tafiyar banza. Kafin mako ya zagayo ya sauka wurin da kansa, ya tabbatar babu shi, ya sa sabo a wani kogo da ke sama da inda ruwa yake kaiwa, ya gyara lissafin gadar, sannan ya yi mini godiya a bainar jama'a a shafin akwatin. Ya ƙara da cewa ya ga sawun mutane birjik a bakin rafin, alamar wasu sun riga ni zuwa sun koma shiru, kuma da kowa ya yi shirun da akwatin ya shafe watanni yana ɓata wa mutane rana. Wannan magana ta zauna mini, domin a ranar na gane cewa rubutun da nake ɗauka na banza shi ne idon da mai akwati yake gani da shi.

Shi ne kuma ya gayyace ni taron tsaftace muhalli da 'yan wasan suke kira CITO, shirin da aka fara tun 2002, inda ake haɗuwa a wuri guda a kwashe shara. A wannan rafin aka yi shi. Na tarar da dattawa da matasa da iyaye da 'ya'yansu, mutanen da na daɗe ina ganin laƙabinsu a littattafan sa hannu ban san fuskokinsu ba, kowa da buhunsa da safar hannunsa. Can ƙasa da duwatsun, a cikin ciyawar bakin ruwa, wata yarinya ta tsinci tsohon akwatin ya maƙale, murfinsa a rufe, littafin ciki ya jiƙe amma sunayen shekarun baya suna karantuwa. Yadda mutumin nan ya karɓe shi yana buɗe shafukan a hankali, yana kiran sunayen waɗanda suke wurin da waɗanda suka daina zuwa, ya nuna mini cewa akwai masu ɗaukar wannan abu da gaske, kuma saboda su ne ban goge manhajar ba.

Sai dai ina tsoron kada wannan labari ya sa wani ya ɗauka haka kowa yake, domin irin wannan mutum ba shi da yawa, kuma da na tuna sauran abin da na gani sai raina ya sake ɓaci. Na buɗe akwatunan da littafinsu ya zama dunƙulen takarda mai wari, babu inda biro zai kama, kuma da na duba shafin sai na ga mutane sun yi ta roƙon a gyara tun bara, mai shi ko uffan. Masu duba akwatuna kafin a wallafa su 'yan sa-kai ne, suna kuma iya soke wanda aka yi watsi da shi, amma ba za su san halin da yake ciki ba sai an sanar da su, masu nema kuwa sun fi son su rubuta gajeriyar godiya ta haruffa huɗu su wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne musayar kaya. A ranar 2 ga Mayu, 2000, gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin GPS ga fararen hula, kuskuren da yakan kai mita 100 ya faɗo zuwa kimanin mita 10, washegari kuma wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye akwatin farko na wasan, wato baƙin bokiti, a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da faya-fayan bidiyo da wasu kayayyaki a ciki, da ƙa'ida mai sauƙi cewa wanda ya ɗauki abu ya ajiye wani. A kan wannan amana aka gina wasan. Yau za ka sa ɗan abin wasa mai kyau don yaron da zai zo bayanka, ka dawo ka tarar an ɗauke shi an bar murfin kwalba ko tsohon rasit.

Yawan ma ya zama matsala. Lokacin da Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com a watan Satumba na 2000 akwatuna 75 ne kacal a jerinsa, yanzu sun haura miliyan 3 a ƙasashe sama da 190. An sa dokar cewa dole a bar aƙalla mita 161 tsakanin akwati da akwati don kada a cunkushe wuri guda, doka ce mai kyau, amma wasu sun mayar da ita ma'aunin jera kwalabe a gefen titi, ɗaya bayan kowace mita 161, ba don akwai abin gani a wurin ba sai don adadi ya ƙaru. Ni ban ga amfanin tura mutum bayan kwandon shara ya sa hannu ba. Haka kuma na saki ɗan abin nan mai lamba da ake ɗauka daga akwati zuwa akwati ana bin tafiyarsa a intanet, na ɗaura masa buƙatar a kai shi bakin teku, ya yi ɗan zagaye, wani ya ɗauke shi ya rubuta cewa yana hannunsa, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba, saƙonnina ma ba a amsa ba. Har yau abin yana mini ciwo, domin na ba da shi ne bisa yarda.

Duk da haka ina ci gaba, amma na canza yadda nake zaɓa. Ba na fita sai na karanta rubutun waɗanda suka je kwanan nan, na duba yaushe mai akwatin ya yi gyara na ƙarshe, na ga ko mutane sun ba shi alamar yabo. Na fi karkata ga masu matakai da kuma irin waɗanda ake kira EarthCache, waɗanda ba su da akwati sam, sai dai su kai mutum gaban wani dutse ko kwazazzabo su nemi ya lura ya amsa tambaya kan yadda ƙasar ta samu. Ina tafiya da birona da busasshiyar takarda a leda don littafin da na tarar ya lalace, kuma duk inda na nema ban samu ba ina rubutawa dalla-dalla. Nawa akwatin kuwa ban ɓoye shi ba tukuna, sai na sami wurin da ya cancanci a kira mutum ya gani, kuma wanda yake kusa da ni yadda zan iya zuwa in duba shi a cikin makon da aka yi mini ƙorafi.